Ruwan Teku a Kan Farar Ƙasa

Tun da hantsi aka ɗaga tuta a kan tudun da ke kallon mashigar teku, kan ka ce me, duk Sydney ta san jirgin da aka hango na mata ne. To, a garin da maza biyar ke hanƙoron mace ɗaya, ai ba sai an yi shela ba. Masu shaguna suka garƙame ƙofofi, matuƙan jirgi suka fito daga gidajen giya suna tangaɗi, tsofaffin banzan da rabonsu da wanka tun Kirsimeti suka shafa kitse a gashi suka gangaro bakin ruwa. Masu tallan kawa, naman teku mai ɓawo, da na gasasshen kifi suka baje kolinsu. Hatta awakin gari sai da suka hallara.

Enoch Birtles bai zo kallon mata ba. Amalanken shanu ya koro, ɗauke da ganga shida na farar ƙasa, ya lulluɓe su da tamfol. Sana'arsa ke nan: ya haƙo tsibin ɓawon kawa da mutanen ƙasar na asali suka tara tun kaka da kakanni, ya toya shi kwana uku a rami har ya zama farin gari, magina su kwaɓa su ɗaure duwatsu da shi. Shi ma da mari a ƙafa ya zo ƙasar nan, kamar kusan kowa, amma shekara biyu ke nan da samun takardar sassauci, yana cin gashin kansa.

Abin da ya hana shi barci kwana biyu shi ne Jabez Rudge. Sarƙa ɗaya suka sha su biyu a cikin jirgin da ya kawo su, wata biyar ƙafa na gugar ƙafa, wanda duk ya san wannan zama ya san ya fi 'yan uwantaka. Jabez har yanzu fursuna ne, magini a babban siton dutse da gwamnati ke ginawa a bakin ruwa. Matarsa Tamsin tana cikin wancan jirgi, bayan shekara tara. Dokar kuwa ita ce, fursuna mai kyan hali in matarsa ta biyo shi da 'yancinta, sai a damƙa mata shi a matsayin baranta, ya kwana a gidanta, ya yi mata aiki. An riga an sa hannu, takarda tana wurin akawu. Sharaɗi ɗaya ne: in aka kai Jabez turken bulala ko sau ɗaya kafin ta tako ƙasa, magana ta rushe. Jabez kuwa, Allah Ya yi shi da zuciya a kusa.

A ƙofar gidan yari Enoch ya tarar an gama bulalar safe. An kwanto mutum uku daga turke, bayansu kamar naman da mahauci ya fasa, suna kwance rub da ciki a kan duwatsu. Matan kawa sun riga sun yi layi da bokitai, tsohuwa Inna Dorcas a gaba, suna sheƙa musu ruwan teku. Al'ada ce tun kafuwar garin. Ba mai magani, ba mai lallashi, ruwan gishirin nan shi ke hana baya ruɓewa, shi kaɗai ne kuma tausayin da hukuma ta yarje a nuna wa fursuna. Matan nan da sun ga jini, ba sa tambaya, hannu ne kawai ke kai kansa ga bokiti.

"Enoch, ɗan nema!" in ji Inna Dorcas tana share hannu a zani. "Yau ma ba za ka je ka zaɓi mata ba?"

"Ke nake jira, Inna."

"Tir! Na fi ƙarfin mai kaushin hannu kamar kada. Wuce, ka gaishe min da ango."

Ya tsayar da amalanke a gindin siton, daidai ƙarƙashin katakon da magina ke takawa. Ginin ya kai hawa biyu, dutse ruwan zuma, saura bakan babbar ƙofa a rufe shi. Jabez na sama yana sassaƙar dutsen baka, amma rabin hankalinsa na teku. Iska ta ɗauke, jirgin yana jan ciki a tsakiyar ruwa kamar ba zai iso ba.

"Ɗan uwa," Enoch ya ɗaga kai, "yau fa sai ka haɗiye zuciya. Ko uwarka ya zaga, ka ce na gode."

"Uwata ta rasu, ba za ta ji ba."

"Ba wasa nake ba, Jabez. Rabin yini ne. Ka yi shekara tara."

"Na ji, Malam mai wa'azi. Sauke kayanka."

Wanda ake nufi, helman ma'aikata ne, Gant. Kada ka ɗauka wani babban mutum ne, shi ma fursuna ne, ɗaurin rai da rai, aka cire masa mari aka ba shi sanda mai dalma a kai, shi ke nan ya manta warin kurkuku. Irin waɗannan sun fi soja mugunta, domin sun san inda ke yi wa fursuna ciwo. Matsalar Gant a fili take. Duk cikin mutanensa talatin, Jabez kaɗai ya iya yanka dutsen baka. In ya tafi yau, ƙofa ba za ta rufu ba, in ƙofa ba ta rufu ba, za a karɓe sanda a mayar wa Gant da marinsa. Naushi ɗaya yake nema daga hannun Jabez, ko turewa ce ma ta wadatar.

Ya hau katakon yana kaɗa sanda. Ya dubi dutsen da Jabez ya kwana biyu yana sassaƙa, ya sa ƙafa ya ture shi. Dutsen ya faɗo ya rabe biyu.

"A karkace yake," in ji Gant. "Sake wani."

"To, yallaɓai."

"Yallaɓai? Yau kuma? Ashe zuwan mace na koya wa kare ladabi." Ya ɗaga murya don na ƙasa su ji. "Jama'a, ga ango! Amaryarsa ta yi wata biyar a teku tsakanin matuƙa arba'in. Kai Rudge, ka san da me mace ke sayen ƙarin ruwan sha a jirgi?"

Jama'ar da suka gaji da jiran jirgi suka juyo, an samu kallo na kusa. Aka fashe da dariya. Enoch ya ga wuyan Jabez ya yi ja, ya ga ya ajiye guduma a hankali, ya mayar da hannuwansa biyu baya, dama ta damƙe hagu.

"Ba ka da baki? In ta sauko ni zan fara gaisawa da ita. Ai helma ke duba kaya kafin a ba lebura."

Sai Gant ya kai masa sanda a baki. Ƙarar ta kai har bakin ruwa. Jabez ya tofar da jini da ɓallen haƙori, hannuwansa na baya. Sanda ta biyu ta sauka a kunne, ta uku a haƙarƙari, ta huɗu a gira, fatar ta tsage jini ya wanke masa rabin fuska.

Ka ce jama'a za su tsawata wa Gant? Ina! Jabez suka koma zugawa.

"Rama mana, kai!"

"Wannan namiji ne kuwa?"

"Ba ni matar in ba ka iyawa!"

Kai, mutanen garin nan, Allah Ya shirye mu. Sun san sarai abin da ramuwa za ta jawo masa, amma dambe suke so su gani. Enoch na ƙasa yana ihu, "Riƙe, Jabez! Riƙe! Ga jirgi ya saki ƙugiya ya tsaya!" Jabez kuwa ya riƙe. Farcensa ya nutse a wuyan hannunsa har jini na ɗiga ta baya, amma bai ɗaga yatsa ba. Enoch bai taɓa ganin jarumta irin wannan ba, hawaye suka cika masa ido.

Haƙurin nan shi ya haukata Gant. Ya ga an fara sauke kwalekwale daga jirgi, ya ga marinsa na dawowa. Ya ja da baya, ya sa takalmi ya doki Jabez a ƙirji da iyakar ƙarfinsa. Mutumin da hannuwansa ke baya ba shi da abin kamawa. Jabez ya rikito daga hawa biyu, ya faɗa kan gangunan da ke cikin amalanke. Biyu suka tarwatse. Farin gari ya tashi sama ya dawo ya binne shi, fuska, ido, baki, duk raunukan da sanda ta buɗe.

Enoch ya san haɗarin. Farin garin nan mai rai ne, jiya aka kwaso shi daga rami, ba a kashe shi da ruwa ba tukuna. Farar ƙasa mai rai in ta haɗu da ruwa tafasa take yi, ta dafa ƙwai, ta dafa nama. A ramin su Enoch, wanda ya faɗa ciki da busasshen tsumma ake kaɗe shi, a bi da mai, ba a kusantar da ko yawu.

Ya yi tsalle ya kama kafaɗar abokinsa. "Kana ji na? Kada ka buɗe ido. Kada ka motsa, kada ka yi kuka. Mai zan kawo."

"Ban taɓa shi ba, Enoch," in ji Jabez cikin gari. "Ka shaida ban taɓa shi ba."

"Na shaida. Rufe bakinka."

Shagon mai sayar da man fitila taku hamsin ne, tsallaken titi. A kulle yake, mai shi ya tafi kallon mata. Enoch ya doki ƙofar da kafaɗa sau uku kafin ta ɓalle, ya lalubi tulun mai a duhu, ya rungumo shi ya fito a guje.

Sai ya hango abin da yake gudu. Jama'a sun rufe amalanken, kuma daga bakin ruwa har zuwa wurin, matan kawa sun yi layi, bokitai na tafiya daga hannu zuwa hannu. Sun ga jini. Sabo turken wawa.

"Kada ku zuba! Inna Dorcas, kada ku zuba masa ruwa!"

Wa zai ji shi? Ana ihu, ana kaɗa ƙararrawar jirgi, karnuka na haushi. Ya kutsa cikin mutane da kai, ya ture wani tsoho, ya naushi wani mai tallan kifi a hanci, ya bangaje wata mata bokitinta ya kife. Nan fa aka yi masa ca.

"Kun ga azzalumi? Zai hana a taimaki bawan Allah!"

"Ai shi ya kawo garin! Bakinsu ɗaya da Gant!"

Wani ƙaton matuƙi ya shaƙo wuyansa ta baya, wani ya sakar masa gwiwa a ciki. Tulun ya suɓuce ya fashe a kan duwatsu, mai ya malale. Suka kayar da shi a cikin man, ana shuri, ana taka masa yatsu. Yana ƙasa, ta tsakanin ƙafafun mutane, ya hango Inna Dorcas ta hau kan amalanke, bokiti a hannu, hawaye na bin kumatunta.

"Sannu, ɗana," take cewa. "Sannu. Yanzun nan za ka ji sanyi."

Ta sheƙa masa a fuska.

Garin ya yi tsuwwa kamar an jefa jan ƙarfe a ruwa. Tururi ya turnuƙe. Sai ihun Jabez, wanda ya sha sanda huɗu bai ce uffan ba, ihun da ya sa shanun amalanke suka zabura. Matan suka ga yana shure-shure, suka ɗauka ruwan ne bai isa ba, suka ƙara na biyu, suka ƙara na uku. Farin kunu yana ɓararraka a kan fuskarsa da ƙirjinsa, warin dafaffen nama ya tashi. Sai a lokacin hannuwa suka tsaya. Waɗanda ke dukan Enoch suka sake shi ba wanda ya ce su saki.

Ya rarrafa ya isa, ya cusa hannuwansa cikin tafasasshen garin ya jawo Jabez ƙasa. Ya tuɓe rigarsa, wadda ta jiƙe da man da aka birkiɗa shi a ciki, ya shiga goge masa fuska. Duk inda tsumman ya bi, fata na biyo shi. Ya ɗaga masa fatar ido da babban yatsa, ya duba, ya mayar. Idanun sun yi fari fat kamar na dafaffen kifi. Inna Dorcas ta zame ta zauna a ƙasa, ta kifa kai a kan bokitin, tana ta cewa ba ta sani ba, ba ta sani ba.

Gant ya sauko daga katako, fuskarsa ba jini. Ya dubi jama'a, ya lashi leɓe.

"Ku shaidu ne, ban zuba masa ko ɗigo ba," ya ce. Ya leƙa fuskar Jabez, ya yi tsaki. "Ga shi kun lalata min magini. Yanzu wa zai rufe min ƙofar?"

Enoch, mai wa'azin haƙuri tun safe, bai san lokacin da shebur ya zo hannunsa ba. Bugun farko ya samu Gant a muƙamuƙi, ya juya masa fuska gefe. Gant ya durƙusa yana laluben sandarsa. Na biyu da bakin shebur ne, a tsakiyar kai, ya shige. Sai da Enoch ya taka kafaɗarsa kafin ya zaro. Na ukun bai zama dole ba, amma ya yi. Jini ya bi tsagin duwatsu ya gauraya da farin ruwan da ke gangarowa daga amalanke. Mutanen da ɗazu ke neman dambe, ga shi an ba su har da ƙari, amma ba wanda ya yi tafi.

Sojoji masu jan riga suka iso da bindigogi, suka tarwatsa na gaba-gaba da gindin bindiga. Enoch bai gudu ba, ina za shi? Suka sa masa ankwa suka ɗaure shi a ƙafar amalanke kafin hafsansu ya zo. Ya san sauran labarin, igiya ce a ƙofar gidan yari, kuma waɗannan mutanen dai su za su cika titi. Inna Dorcas ta yage gefen zaninta, ta tsoma a man da ya kwanta a ƙasa, ta naɗe wa Jabez fuska, baki kaɗai ta bari. Aka jingina shi kusa da Enoch.

Ana haka kwalekwalen farko ya taɓa matakala. Mata suka fara hawowa ɗaya bayan ɗaya, ƙafafunsu na rawa don sun manta ƙasa, kowace da ƙullin kayanta. Aka tarbe su da shiru, abin da ba a taɓa yi wa jirgin mata ba. Akawu ya fito daga ofishin tasha, ya tsallake jinin a hankali don kada ya ɓata takalmi, ya buɗe takarda.

"Matar Jabez Rudge!"

"Ga ni," in ji wata murya.

Enoch bai taɓa ganinta ba. Gajeriyar mace ce, rana ta ƙona mata hanci, ta sa rigar da ka san tun daga gida aka adana ta don wannan rana. Tana ta duba fuskokin maza ɗaya bayan ɗaya, kowa na sunkuyar da kai.

Hannun Jabez ya lalubo na Enoch ya damƙe.

"Ita ce," ya raɗa. "Enoch, don girman Allah kada ka nuna ni. Ka ce na mutu. Ta samu wani, garin cike yake da maza masu ido."

"Jabez..."

"Shekara tara ban roƙe ka komai ba."

Akawu ya sake kira, "Ina Rudge ɗin? A fito da shi mana, ina da aiki." Tamsin ta matso, ta wuce gawar da aka rufa wa buhu, ta zo daidai amalanke. Ta dubi mutumin da aka naɗe wa fuska, tausayi ya kama ta, ta ce masa sannu, ta ɗaga ƙafa za ta wuce.

Enoch ya ji kamar ana yanka shi. Ya tuna hannuwan nan biyu a baya, suna ɗigar jini. Don wannan matar aka riƙe su.

"Baiwar Allah," ya ce. "Ga mijinki nan."

"Allah Ya isa, Enoch," in ji Jabez.

Ƙullin kayan ya faɗi daga hannunta. Ta durƙusa a cikin jini da mai da sabuwar rigarta, ta daɗe tana kallon tsumman.

"Jabez, kai ne?"

"A'a, baiwar Allah. Ba ni ba ne. Wanda kike nema ya rasu bara."

Ta rufe bakinta da hannu. Sannan ta share ido da bayan hannu, ta ɗago hannunsa ta ratayo a wuyanta.

"Shekara tara a cikin ɓarayi," ta ce, "har yanzu ba ka iya ƙarya ba. Tashi, ka ce min ina ne gida."

"Ba mu da gida, Tamsin."

"To tashi dai."

Ya tashi. Hafsa ya iso, aka kwance Enoch daga ƙafar amalanke aka tasa ƙeyarsa. Sau ɗaya ya waiwaya. Suna tsaye a tsakiyar titi, ita ba ta san garin ba, shi ba ya ganinsa, tana tambayarsa dama ko hagu.